Kujerar Hannun Hagu

Duk wanda ke buga wasan kati a shagon ƙasan bene, kusa da mai gyaran takalma, ya san Jan Biro. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana koyar da lissafi, yana zabga wa 'ya'yan mutane sifili, da ya yi ritaya sai hannun ya ƙi hutawa. Ɗalibai sun kuɓuce masa, sai ya koma kan kati. Kada ma ka kuskura ka ce karta a gabansa, don zai tsare ka a bakin ƙofa ya yi maka darasin rabin awa. Wannan wasa ne na katuna masu hoton dabbobi da kayan aiki, kowanne da ɗan rubutu a ƙasa mai faɗin abin da yake iya yi. Mutum zai zaɓi arba'in ya haɗa, abin da 'yan wasa ke kira dami, ya zauna gaban abokin karawarsa kowa da rai ashirin. Wanda ransa ya fara ƙarewa shi ya faɗi.

Duk bayan wata uku sababbin katuna kan fito, kuma babu mai haɗa dami sai ya ji ta bakin Jan Biro. Yakan zauna a teburin cin abincin gidansa, ya saka kowane kati cikin 'yar ledarsa, ya gwada shi, sannan ya rubuta masa maki a fuskar ledar da jan biro, daga sifili zuwa goma. Ana ɗaukarsa a waya yana bayani, a tura wa 'yan wasa. In ya ce Damisa goma ce, kafin la'asar Damisa ta ƙare a shago. In ya ce kati ɗaya ne, ko kyauta ka ba mutum sai ya harare ka.

Mai riƙe wayar nan kuwa matarsa ce, tela, mai shagon ɗinki a bakin titi. Shekara uku tana tsaye a gefen tebur duk ranar Lahadi da hantsi, gwiwar hannu a manne da ciki don kada hoto ya yi rawa. Masu kallo ba su taɓa ganin fuskarta ba. Abin da suka sani kawai shi ne babban yatsanta, wanda kan leƙo ta kusurwar hoton lokaci-lokaci, har suka raɗa mata suna Yatsa. Sukan rubuto, “Malam, a gaida Yatsa,” shi kuma ya karanta mata yana dariya, ita ma ta taya shi.

Sai dai akwai abin da ba ta yi wa dariya. A ɗaya gefen teburin, daidai gaban Malam, akwai kujera. Tun da autarsu ta tafi makaranta nesa babu mai zama a kanta, sai tsofaffin jaridu da kayan guga. Idan Malam zai gwada kati, ba ya neman abokin wasa. Yakan raba dami biyu, ɗaya na hannun dama a gabansa, ɗaya na hannun hagu a gaban kujerar, ya yi ta miƙa hannu yana karawa da kansa. Yana ma yi wa hannun hagun magana. “Kai, hagu, yau ka shiga uku,” in ji shi, ya kwashe da dariya shi kaɗai.

Sau ɗaya tak ta taɓa tambaya, tun a shekarar farko. Ta ce, “Malam, in ajiye wayar nan in zauna can mana, ka huta da miƙa hannu?”

Bai ko ɗago ba ya ce, “Ai wasan nan lissafi ne zalla, Uwargida, zai gundure ki. Ɗan ɗaga wayar sama, kin yanke mini kai.”

Ba da mugunta ya faɗa ba, kuma kafin shayinsa ya huce ya manta. Ita ce ba ta manta ba. Maganar ta yi mata ciwo ƙwarai, ta haɗiye, ba ta sake tambaya ba. Mace ce da ke yanka yadi goma sha biyu ba tare da ta yi asarar ko taki ɗaya ba, amma wai lissafi zai gundure ta. Ba kofi take so ba, ba suna ba. Kujerar nan take so, mijinta ya ɗago ido ya gan ta a gabansa, ya tura mata katuna ya ce mata raba.

Katunan da suka ci biyu zuwa ƙasa, Malam yakan jefa su cikin wani tsohon gwangwanin biskit a ƙarƙashin tebur, ya ce in ya cika a zubar. Tela kuwa ba ta iya zubar da ƙyalle, balle kati mai hoto. Sai ta riƙa kwashewa tana kai su shagonta, da farko don kawai hotunan sun ba ta sha'awa. Rannan tana jiran mai karɓar ɗinki da bai zo ba, ta shiga karanta rubutun ƙasansu ɗaya bayan ɗaya, sai ta ji muryar Malam a kunnenta, don duk hukuncin da ya yanke musu ita ta ɗauka.

Ga Tururuwa, mai maki ɗaya. Cizo ɗaya take yi, amma kowace 'yar'uwarta da ke kan tebur tana ƙara mata ɗaya. Malam ya ce, “Kafin su taru an cinye su.” Ga Kunkuru, mai maki biyu, yana tare hari amma ba ya cizo. Malam ya ce, “Mai gadi ne da ba shi da sanda.” Ga Tsintsiya, wadda ke share kati biyu daga hannun mai ita zuwa juji, wato inda matattun katuna ke taruwa. Wannan har tsaki Malam ya yi mata. “Wane mai hankali ne zai share kayansa da kansa? Sifili.” Sai kuma Katantanwa. In ka ajiye ta ba ta yin komai, rarrafe kawai take, sai a zagaye na bakwai ta iso, ta dawo da duk Tururuwar da ke juji kan tebur a lokaci guda. Malam ya ba ta ɗaya, ya ce, “Wasa ba ya kaiwa zagaye na bakwai. Na gwada sau hamsin, a na biyar ake gamawa.”

Nan Yatsa ta ajiye almakashi. Gaskiya ya faɗa, a teburinsa wasa ba ya wuce zagaye na biyar, ita shaida ce. Amma ai hannun daman nan da hannun hagun nan duk na mutum ɗaya ne, mutumin da ba ya iya jiran ruwan shayi ya tafasa sai ya buɗe murfi sau uku. Dama ta kai hari, hagu ta kai hari, babu mai tarewa, babu mai haƙuri. Shekara uku Malam yana auna katunan duniya da halinsa, bai sani ba. Ta yi dariya ita kaɗai a shago har maƙwabciyarta mai sayar da zare ta leƙo ta ga ko lafiya.

Abokin gwaji ne ba ta da shi, sai ta tuna wayarta cike take da Malam. Daga ranar, duk tsakar rana in ta rufe keken ɗinki, takan share teburin yanka, ta jingina wayar da kwalin maɓallai, ta kunna tsohon hoto. Hannun damansa ya ajiye Damisa, ta tsayar da hoton, ta ajiye Kunkurunta a madadin hannun hagu, ta sake kunnawa. Haka ta yi wata takwas tana wasa da mijinta bai sani ba. Ta san lokacin da yake sosa gemu, ta san in ya ce “to, to, to” Shaho ne zai fito. Ta sha kashi ya fi a ƙirga, ta cire wannan ta saka wancan, har damin ya tsaya arba'in cif, babu kati ɗaya a ciki da ya haura maki biyu.

Ranar wata Asabar da za a yi gasa a shagon ƙasan bene, Malam yana ɗaura agogo ta fito da jakarta ta ce, “Yau da ni za a je.”

Murna ta kama shi. “Madalla! Dama ina so a ɗauke ni ina wasa. Kin yi cajin wayar?”

“Ta cika,” in ji ta.

Shagon ɗaki ne mai tsawo, tebur huɗu a jere, fanka ɗaya mai ƙara, bango duk kwalayen kati. Mutum bakwai ne suka rubuta suna, Mai Shago yana ta leƙen titi ko na takwas zai zo, don gasa ba ta tafiya da bakwai. Malam ya wuce ciki ana ta “Jan Biro, Jan Biro,” yana ɗaga hannu. Ita kuwa ta tsaya gaban kantar Mai Shago, ta ciro daminta ɗaure da wani shuɗin ƙyalle, ta ajiye.

“Rubuta ni,” ta ce.

Mai Shago ya dube ta, ya dubi damin. “Baba, wa zan rubuta?”

Ta ɗaga masa babban yatsanta. Ya ƙura masa ido, can sai ya dafe kai ya yi ihu, “Jama'a, Yatsa ce! Wallahi ita ce, ga tabon allurar nan!”

Shago ya kaure. Wani direban motar haya, ƙato mai faɗin baki, ya taso har yana ture kujera don ya gaisa da ita. Wata nas da ta zo da kayan aikinta a jaka ta rungume ta. Malam ya tsaya da baki buɗe, ya matso ya rage murya. “Uwargida, me kike yi haka? Wa zai riƙe wayar?”

“Aljihu,” in ji ta.

Doka ce Mai Shago ya duba kowane dami kafin a fara. Ya kwance ƙyallen, ya fara juya katunan, fuskarsa tana canjawa. Ɗaya. Biyu. Ɗaya. Sifili. Kowanne da jan rubutun da duk ɗakin ya sani. Ya juya bayansu ya tabbatar babu alama, don rubutu a fuska ba laifi ba ne, a baya ne ake hanawa. Sannan ya ce a hankali, cikin tausayi, “Baba, ko in ara miki dami? Wannan ai gwangwanin Malam ne.”

“Shi ne,” ta ce. “A bar ni da shi.”

Direba ne ya faɗo mata a karawar farko, Malam kuma yana can teburin ƙarshe ya ba su baya. Direba ya zauna yana murza hannu. “Baba, ki yafe mini tun yanzu. Ni ba na taka burki.”

“Allah ya kiyaye hanya,” in ji ta.

Ta ajiye Katantanwa a zagayen farko, karonta na farko ke nan na wasa da mutum mai numfashi. Direba ya leƙa, ya ga jan ɗaya, ya yi murmushi ya wuce ta. Da ta sa Tsintsiya ta share Tururuwa biyu daga hannunta zuwa juji, sai da ya juya ya kira na kusa da shi. “Zo ka gani, tana yi mini aikina!” Ya yi ta dukan Kunkuru, Kunkuru yana shanyewa, abin da ya tsallake ya rage mata rai. A zagaye na shida ranta saura shida, shi ko ƙwarzane babu. A na bakwai ta tura Katantanwa gaba da yatsa, ta kwaso Tururuwa biyar daga juji ta jera su.

“Kowace cizo biyar,” ta ce. “Su biyar.”

Direba ya ƙirga da yatsu, ya sake ƙirgawa, ya ɗauki Katantanwa ya karanta rubutun har yana motsa leɓe. Sai ya kife kansa a tebur yana dariya, kafaɗunsa suna girgiza. Ta ji wani daɗi ya taso mata tun daga tafin ƙafa, irin wanda rabonta da shi tun ranar da ta fara ɗinka riga ta zauna wa mai ita daidai. Ta so ta yi guɗa, ta daure, ta gyara zaman mayafinta kawai.

Malam ya gama da nasa abokin tun a zagaye na biyar, ya fita shan iska, sai hayaniyar ce ta dawo da shi. “Me ya faru?” ya tambaya.

Direba ya share hawaye ya ce, “Taya ce ta fashe mini, Malam. Kada ka tambaye ni.” Sauran ma suka yi gum, kowa yana danne dariya, don Mai Shago ya riga ya rubuta karawa ta biyu a allo kuma duk sun gani. Jan Biro da Yatsa.

Haka ta samu kanta zaune gaban mijinta, tebur a tsakaninsu, karo na farko. Ba haka ta so abin ya zo ba, a gaban mutane, fanka tana ƙara, kowa ya bar wasansa ya zagaye su. Ta san halin Malam da son girma. Ta ji tsoro ya kama ta, kada ta ci wasa ta rasa kujerar gaba ɗaya.

Ya raba kati yana cewa, “Kada ki damu, Uwargida, zan bi da ke a hankali.”

“Kada ka bi da ni a hankali, Malam. Yi yadda kake yi wa hagu.”

Ya ɗan dube ta, bai gane ba. Aka fara. Ta ajiye Katantanwa. Ya ajiye Damisa, mai jan goma a fuska. Ta tare da Kunkuru. Ya sosa gemu, ta san Kura ce, Kura kuwa ta fito. Ta yi shara, Tururuwa biyu suka tafi juji, ya girgiza kai irin na malamin da ɗalibi ya ba kunya. Ya ce, “To, to, to,” kafin ya ajiye ta riga ta ce, “Shaho.” Hannunsa ya tsaya a sama. Ɗakin ya fashe da dariya.

“Leƙe kike yi?”

“Shekara uku ina leƙe, kai ka ce in riƙe wayar.”

Zagaye na biyar ya zo ya wuce ba a gama ba. Malam ya dubi agogo, ya gyara zama, don bai saba ganin wannan wurin ba. Ranta saura tara, Kunkurunta ɗaya ya mutu, ɗayan yana tangaɗi. A zagaye na shida Shahonsa ya samu hanya, kuma Shaho yana da zaɓi: ko ya sure mata rai shida, ko ya sauka kan kati ɗaya na tebur ya kashe shi. Malam ya ɗaga Shaho, sai idonsa ya faɗa kan jujinta. Ya ga ƙafafun Tururuwa suna leƙowa. Ya dubi Katantanwa, wadda ta rarrafo har ta kusa tsakiyar tebur. Mutum ne mai kaifin ƙwaƙwalwa, ta ga lissafin ya fara haɗuwa a goshinsa.

Ya miƙa hannu ya ɗauki Katantanwa, ya kawo ta kusa da tabarau. Rubutun kamfanin ƙanana ne a ƙasa. A samansu kuwa, ɓaro-ɓaro, ga jan ɗaya da hannunsa ya rubuta, har da ɗan layin da yakan ja a ƙarƙashi in ya tabbata. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya mayar da ita inda take, ya ce, “Ɗaya ce,” ya sure wa matarsa rai shida.

Direba ya cusa hularsa a baki.

“Saura uku, Uwargida,” in ji Malam. “Zagaye mai zuwa sai gida.”

Ta tura Katantanwa gaba. Ta kwaso Tururuwa daga juji tana ajiyewa ɗaya-ɗaya, kowace da jan makinta, har biyar. Sannan ta ce, “Malam, kai ne mai lissafi. Biyar sau biyar?”

Ya dubi Tururuwar, ya dubi ransa ashirin da ko ɗaya ba a taɓa ba. Leɓensa ya motsa. “Ashirin da biyar,” ya ce, ƙasa-ƙasa.

Abin da ya biyo baya sai da mai gyaran takalma ya shigo da guduma a hannu yana tambayar wa aka kama. Direba yana buga tebur, Mai Shago yana tsalle a bayan kantarsa, ana ta “Yatsa! Yatsa!” Ita kuwa mijinta take kallo. Ya tattara daminsa a hankali, ya daidaita gefensa, ya saka a kwali. Bai yi fushi ba, bai yi dariya ba, ya koma gefe ya zauna ya harɗe hannu.

Karawar ƙarshe ba ta yi tsawo ba. Nas ta tsaya ta kalli komai, kuma ita ba ta da jan biron da za ta kare. Yatsa tana ajiye Katantanwa, a zagaye na biyu Nas ta murƙushe katin, ta ce, “Yi haƙuri, Baba, ni na karanta ƙananan rubutun.” Yatsa ta sha kashi a zagaye na shida, ta yi dariya da gaske, ta riƙe hannun Nas ta ce dole su sake haɗuwa. Aka ba Nas kofin roba, aka ba Yatsa sabon kwalin kati, Direba ya rantse sai ya kai su gida kyauta. Malam ya ce a'a, za su taka.

Suka taka ɗin, rana tana shirin faɗuwa, shi a gaba da taku biyu. Ya tsaya ya sayi burodi, ya karɓi canji, ya ci gaba da tafiya. Ta yi ta juya magana a ranta, ta ba shi haƙuri ko ta ƙyale shi. Haƙurin me kuma? Amma murnar da ta ɗauko daga shago tana ta tsiyayewa a hanya, kafin su kai ƙofar gida saura kaɗan. Sai da yana saka makulli ya yi magana, ba tare da ya juyo ba.

“Da wa kika yi ta gwaji?”

“Da kai,” ta ce. “A waya, a shagona. Wata takwas.”

Makullin ya tsaya a hannunsa. Ya buɗe ƙofar, ya matsa mata ta fara shiga.

Washegari Lahadi, ranar ɗaukar hoto. Ta gama wanke kofuna, ta goge hannu, ta ɗauki wayar kamar kullum ta nufi teburin da sanyin jiki. A bakin ƙofa ta tsaya. Jaridun nan babu su. Kayan gugan an kwashe an ɗora a kan gado, an ninke su ninkin da zai sa tela kuka. Kujerar tana nan fayau, an goge ta har da ruwa, bai ma bushe ba. Malam yana tsaye a bayanta da tsumma a kafaɗa, yana kallon silin.

“Kawo wayar,” ya ce.

Ta miƙa masa. Ya jingina ta da gwangwanin sukari, ta zame. Ya tokare ta da cokali, ta karkace. Ya yi tsaki ya bar ta a karkacen, ya danna, ya zauna a wurinsa ya gyara murya.

“Jama'a, yau gyara za mu yi. Duk makin da na bayar shekara uku, da hannuna biyu na gwada, ashe duk biyun gaggawa gare su. Wanda ya zubar da Katantanwarsa saboda ni, ya je ya tono ta.” Ya sosa gemu. “Kuma akwai wadda ta taɓa cewa za ta zauna nan, na ce lissafi zai gundure ta. Wannan amsar tawa, sifili ce.”

Ashe bai manta ba, ko kuwa jiya ya tono ta, ba ta sani ba, ba ta kuma damu ta sani ba. Idonta ya cika. Ya nuna mata kujerar da hannu biyu, ta zagayo ta zauna. Tana zama kujerar ta yi gefe, ƙwas, ta dawo, ƙwas. Ƙafa ɗaya ta fi sauran gajarta, shekara da shekaru babu wanda ya sani.

“Af,” in ji ta, tana dariya da hawaye a fuska. “Ashe haka hagu yake fama.”

Malam ya tashi da sauri, ya waiga neman abin tokarewa. Littafin da yake ajiye makin duk katunan da ya gwada ne a kusa. Ya buɗe, ya nemo shafin da Tsintsiya take da sifilinta, ya yage shi, ya ninka huɗu, ya durƙusa da gwiwoyinsa masu ƙara ya cusa a ƙarƙashin ƙafar. “Motsa mu gani.” Ta motsa, kujera ta zauna daram.

Ya koma wurinsa yana haki, ya buɗe sabon kwalin da ta ciyo, ya zube katunan a tsakiya. Ya ciro jan biron daga aljihu, ya jujjuya shi, ya ajiye shi a tsakiyar tebur inda hannun kowa zai kai. Masu kallo daga baya sun yi ta ƙorafi cewa hoton ranar a karkace yake, rabin kan Malam ba ya ciki, ga gwangwanin sukari ya cinye kusurwa. Amma a ranar suka fara ganin fuskar Yatsa, tana gyara tabarau tana karanta ƙananan rubutun wani kati.

“Wannan na ba shi uku,” in ji Malam.

“Ka karanta shi kuwa?”

“Na karanta samansa.”

“To ajiye biron, sai mun buga.”

Ya ajiye. Ya ɗauki kofin shayinsa da hannun hagu, ya tura mata katunan da na dama.

“Raba, Uwargida,” ya ce.